Farantin Tsakiya

A ƙofar ɗakin ɗanɗano akwai wani allo da shugaban masu ɗanɗano ya kafa da hannunsa. Da Turanci aka rubuta shi, kuma a tsakiyarsa akwai wata doguwar kalma da aka ja wa layi a ƙasa: prejudicial. Ranar da na fara aiki a kamfanin biskit ɗin, mutumin nan ya tsayar da ni gaban allon kamar 'yar firamare, ya ce in karanta. Na taho tiryan-tiryan har na iso kan kalmar, sai harshena ya harɗe. Na ce masa ni fa ɗanɗano aka ce zan yi, ba a ce zan haɗiye ƙamus ba.

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Malama, saurara da kyau. Duk abin da zai shiga tsakaninki da gaskiyar abin da ke bakinki, ya karkatar da ke tun kafin ki yanke hukunci, shi kalmar nan take nufi. Kuma duk abin da ya karkatar da ke, to ya cuci wani. Ko ya cuci wanda ya saya, ko ya cuci wanda ya gasa."

Daga ranar na riƙa jin kalmar nan fiye da yadda nake jin sunana. In ka shafa turare ka zo aiki, da ita zai tare ka. In kin sa janbaki, ita ce. Cingam ita ce, barkono da safe ita ce, taba kuwa uwarsu ce gaba ɗaya. In ka yi tsaki a cikin ɗakin har na kusa da kai ya ji, ita ce, don wai tsakinka ya riga ya gaya masa abin da zai ji a bakinsa. Wata rana na ji shi da kunnena yana faɗa wa matarsa ita a waya, don ta kira shi ana dab da fara gwaji. Ma'aikata suka gaji da karya harshe, suka gutsure kalmar, suka laƙaba masa. Har masu gadi ba wanda ya san shi da wani suna sai Firiju.

Ina tsokanarsa a bayan ido kamar kowa, amma maganar Allah, na yarda da dokarsa. Mu uku ne masu ɗanɗano. Kowa da ɗan lungunsa, an raba mu da katako, ba mai ganin wani. A saman kowane lungu akwai jan ƙwan lantarki, don kada ido ya ga wannan ya fi wancan gasuwa ya ruɗi harshe. Gabanka akwai 'yar taga. Ta nan ake turo tire da faranti uku, kowane da lambar da ba ta nufin komai a wurinka, da kofin ruwan ɗumi na kurkure baki, da wani baƙin maɓalli guda ɗaya. Farantin da ka ji aibu a cikinsa, shi za ka ɗora wa maɓallin, ka tura tiren ya koma. Ba ka san na wa ka yaba ba, ba ka san na wa ka kushe ba, kuma wannan rashin sanin shi ne daɗin aikin. Ina komawa gida in yi barcina ba da haƙƙin kowa a wuyana ba.

A bayan tagar akwai mace ɗaya da ta san komai, ita ce mai jera farantan, muna ce mata Uwar Faranti. Ita ke ɗebo biskit daga kowane layi, ita ke manna lamba. Ranar gwaji ko gaisuwa an hana ta yi da mu.

To ana nan, sai shaguna suka fara dawo da kwalaye. Wai biskit ɗinmu yana barin maƙaƙi a maƙogwaro, kamar an soya shi da tsohon mai. Kamfanin layi uku gare shi, kowane da injin kwaɓinsa, da tankin mansa, da murhunsa, da shugabansa. Amma dukansu a bel ɗaya suke zubawa wurin masu naɗewa a leda, saboda haka in biskit ya shiga kwali, ba mai iya cewa ga layin da ya fito. Manaja ya tara mu a farfajiya, ya ce za a ɗebo daga bakin kowane murhu a kai ɗakin ɗanɗano. Wanke tanki aikin shugaban layi ne. Layin da aka samu da laifi, shugabansa ya tattara nasa ya nasa a ranar.

Shugaban layi na farko wani bawan Allah ne mai shiru-shiru, wanda ko ƙuda bai taɓa yin ƙararsa ba. Na biyu Dogo, mai yawan fara'a da yawan baki. Na uku kuwa Auta ne, ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya.

Auta a bayana ya girma. Ni na wanke shi, ni na raka shi makaranta da bulala a hannu, ni na yi ta sintiri ofishin manaja har aka ɗauke shi mai shara a kamfanin. Daga tsintsiya ya hau injin kwaɓi, daga nan ya zama shugaban layi, kuma ranar da aka ba shi farar hular shugabanni Inna, mahaifiyarmu, sai da ta yi kuka. Yanzu da matarsa da 'yarsu, ga wani cikin ya tsufa, kuma shi ke ɗauke da maganin hawan jinin Inna. In aikin nan ya tafi, ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba.

Shi ya sa na bi Firiju ofishinsa na ce a cire ni daga wannan gwaji.

Ya ɗago kai daga takardunsa. "Dalili?"

"Yallaɓai, ƙanina yana ciki. Ai ka sani."

"Na sani. Harshenki ya san ƙaninki?"

"A'a, amma..."

"To don me aka yi lambobin? Don me aka yi tagar? Da za ki san wanne ne nasa, da ni da kaina zan fitar da ke. Tunda ba ki sani ba, babu matsala. Kuma ke ma kin san in babu ke, babu gwaji."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, ba yabon kai ba. Abokan aikina biyu ne. Akwai Baba Tsoho, wanda a zamaninsa an ce yana iya gane gonar da alkama ta fito, amma yanzu yana laɓewa bayan janareto yana zuƙar taba, harshensa ya zama tafin takalmi. Rabin hukuncinsa canki-canki ne, mun sani, muna rufa masa asiri don ya kusa ritaya. Sai wata yarinya da muke kira Sabuwa, tana da baki mai kyau, amma in ta ji abu ba ta yarda da kanta.

Safiyar gwajin na tashi ban sa komai a bakina ba sai ruwa. Na shiga ɗakin canza kaya na mata, na sa farar rigata, ina tsaye gaban famfo ina wanke hannu da sabulun nan mara ƙamshi. Sai ga Uwar Faranti ta shigo. Ta tsaya a famfon da ke kusa da nawa, ta buɗe ruwa da ƙarfi, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Na tsakiya."

Na ce, "Na'am?"

"Na Autanku. Na tsakiya ne."

Ta kashe famfon, ta yarfe hannunta, ta fice. Ko tawul ba ta taɓa ba.

Na tsaya da kumfa a hannu kamar an dasa ni. Abin da ya fara zuwa mini ba godiya ba ne, haushi ne. Matar nan ta zuba mini abin da ba ya kurkuruwa. Turare a wanke, barkono a jira ya wuce, amma magana in ta shiga kunne, ina za ka tofar da ita?

Bayan haushin sai tambaya ta biyo: ita wannan, yaushe ta fara ƙaunata? Ni da Uwar Faranti ba ma ga maciji. Bara na kai ƙararta don tana shafa wani man hannu mai ƙamshin lemo, yana bin farantan har cikin biskit. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka karanta a gaban kowa. Tun daga nan in na ce mata ina kwana, sai ta amsa wa bango. Yau kuma ita ce za ta sa aikinta a bakin wuta don ta ceci ƙanina? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai na tuna Dogo. Kowa ya san shi ke sauke ta gida a babur ɗinsa in an tashi, kuma masu naɗe leda sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa 'yarta ta fari yake nema. Nan take biri ya yi kama da mutum. In layin Dogo ne mai laifin, kuma ita ta sani, me ya fi sauƙi? Ta ajiye nasa a tsakiya, ta zo ta ce mini na Auta ne. Ni kuma don son ƙanina in kauce wa na tsakiya, in ɗora maɓallin a hagu ko dama. Wa ya sani ma ko na Autan ne zan ɗora wa da hannuna? Ta tsame surukinta, ta rama takardar gargaɗinta, duk da jifa ɗaya.

Ina fita baranda sai ga Dogon kansa, yana tafe yana washe baki.

"Babbar yaya! Yau fa ranku ce. A dai duba mu da idon rahama."

Na ce, "Da harshe ake aikin, ba da ido ba."

Ya yi dariya har da dafa bango. Dariyar ta yi mini yawa. Kullum haka yake dariya, amma yau na ji kamar an biya shi ya yi ta. Na bi shi da kallo har ya shige layinsu, ina neman ko zai leƙa ɗakin Uwar Faranti. Bai leƙa ba, sai na ce a raina ai mai wayo ba zai leƙa ba.

Can nesa, ta gilashin ɗakin injina, na hango Auta da farar hularsa yana nuna wa wani ma'aikaci wani abu a jikin bel. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya ɗaga mini hannu, ya ci gaba da aikinsa. Na so in karanta wani abu a fuskarsa, amma nisan ya yi yawa, gilashin kuma duk tururi.

Doka ta ce in wani abu ya shiga kunnenka ranar gwaji, ka je ka faɗa. Na nufi ofishin Firiju har na kai bakin ƙofa, sai na tsaya na auna. In na faɗa, za a fitar da ni, a bar abincin ƙanina a hannun Baba Tsoho da Sabuwa, wato a hannun ƙuri'a. Sannan manaja zai tambaya: wa zai amfana da wannan raɗa? Amsar a fili take, sunan Auta aka ambata. Ko biskit ɗinsa ya fi zuma daɗi, za a ce shi ya tura ta. Gaba kura, baya sayaki.

Ina tsaye sai Firiju ya buɗe ƙofar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau, yallaɓai. Lokaci nake dubawa."

Ya ɗan jima yana kallona kafin ya ce, "Saura kaɗan. Ki je ki zauna."

Wannan kallon ya buɗe mini wata sabuwar ƙofar zargi. Shin ko shi ne ya aiko ta? Mutumin da zai iya ɓoye gishiri a ruwan kurkure baki don ya ga ko muna lura, me zai hana shi gwada ni da ƙanina? Wataƙila yanzu haka jira yake ya ga ko zan faɗa. Na wuce ina jin idonsa a ƙeyata. Kafin in kai lunguna na riga na zargi kowa a ginin nan, har da mai shara da ya matsa mini hanya da sauri fiye da kullum.

Aka kashe farar fitila, jar ta kama. Na ji Baba Tsoho yana gyara kujera a lungun hagu, na ji Sabuwa tana jan numfashi a na dama. Tagata ta buɗe, tire ya shigo, na ga yatsun Uwar Faranti suna janyewa, tagar ta rufe.

Faranti uku, kowane da biskit 'yan ƙwaya, duk launi ɗaya a ƙarƙashin jan haske. Shekara da shekaru ina kallon irin wannan tire ba tare da wani faranti ya fi wani a wurina ba. Yau na tsakiyar kamar yana da ido.

Na fara da na hagu. Na karya, na murza ɗan gutsure a tafin hannu don ya ji ɗumi, na shinshina, na sa a baki, na bar shi ya narke a kan harshe kafin in haɗiye kaɗan. Madara, sukari, ɗan gishiri a ƙarshe. Tsaf. Na kurkure, na tsallake na tsakiya da gangan, na ɗauki na dama. Ya ɗan fi gasuwa, amma babu aibu. Na sake kurkurewa, na zauna ina kallon na tsakiya, hannuna ya ƙi miƙuwa. Na ce da kaina, ke, biskit ne fa, ba kunama ba.

Da farko bai nuna komai ba. Sai da na haɗiye, na fitar da numfashi ta hanci, sannan ya taso daga can ƙasan maƙogwaro, wani siririn maƙaƙi mai kama da warin tsohon kwanon suya.

Na kurkure, na koma kan na hagu, sai na ji kamar shi ma yana da shi. Na dama ma haka. Na koma na tsakiya, sai na ji kamar babu. Zufa ta karyo mini a ɗakin da ake sanyaya shi kamar kantin magani. Abin da Firiju ya yi shekaru yana faɗa muna dariya, ga shi ya same ni: ba harshena ke ɗanɗano ba, maganar matar nan ce ke ɗanɗano a madadina. Na tsine mata a zuci, na tsine wa Dogo, na haɗa da babur ɗinsa.

Na ajiye komai na jira bakina ya huce. Daga nan na yi wa kaina dabara. Na rufe ido, na riƙa juya farantan a kan tiren, wannan ya koma can, wancan ya dawo nan, har na tabbata ban san wanne ne wanne ba. Ido a rufe na ɗanɗana su ɗaya bayan ɗaya. Na farko tsaf. Na biyu tsaf. Na uku, maƙaƙin ya taso, ba ko tantama. Na riƙe farantin, na buɗe ido, na duba lambar da ke gefensa. Lambar wanda aka kawo a tsakiya ce. Na sake yi, don kada in cuci kowa, na sake samun shi.

To, harshe ya gama nasa aikin. Saura hannu.

Na mayar da farantan yadda aka kawo su, na ɗauki baƙin maɓallin ina juya shi. In matar nan gaskiya ta faɗa, wannan ɗan abin da ke hannuna shi ne takardar sallamar Auta. Na ga fuskar Inna, na ga matarsa da tsohon ciki tana hawa matakalar gidan hayarsu tana nishi. Tsoro ya kama ni sosai.

Amma sai zuciyata ta ce, tsaya. Wa ya fi kowa sanin mai laifi tun kafin a yi gwaji? Wadda take ɗebo biskit ɗin da zafinsa kullum, tana ɗan jefa gutsure a baki in ba kowa. Ta san na tsakiya ne ruɓaɓɓen. Kuma shi ta zaɓa ta ce kada in taɓa. Don Auta za ta yi haka? Auta da na koya wa wanke kwano tun bai kai tsawon famfo ba, Auta da ke goge takalminsa kafin ya shiga ɗakinsa na kansa, shi zai bar tanki ya yi tsatsa da tsohon mai? Ko kusa. Na Dogo ne. Dogo da rigar aikinsa kullum da tabon mai a ƙirji.

Da na kai nan, tsoron ya sake ni, wani daɗi ya maye gurbinsa. Na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma. Na ɗora maɓallin a kan farantin tsakiya har sai da ya yi ƙara, na tura tiren, na ƙwanƙwasa tagar da ƙarfi don ta san da ita nake.

Bayan an kunna farar fitila, Firiju ya kira mu ofishinsa mu uku, manaja yana zaune a gefe. Ya ce Baba Tsoho ya ɗora nasa a dama. Sabuwa da ni mun ɗora a tsakiya. Biyu sun rinjayi ɗaya, kuma an riga an aika makaniki ya buɗe tankin layin da abin ya faɗa wa, an tarar da tsohon mai ya daskare a ƙasansa, baƙi ƙirin, kaurin yatsa. Ina zaune ina gyara zama, ina jiran in ji sunan Dogo.

Firiju ya cire tabarau, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Layi na uku ne. Malama, ki yi haƙuri. Kin yi aikinki."

Ban san yadda na fita daga ofishin ba. Na dai tsinci kaina a ɗakin Uwar Faranti, na turo ƙofa na rufe. Tana tsaye tana goge farantai.

Na ce, "Me kika yi? Canzawa kika yi, ko? Ke da Dogonki?"

Ta ajiye tsumman a hankali. Idonta ya yi ja, amma muryarta ko rawa ba ta yi.

"Tankin ma ni na canza? Baiwar Allah, ni da ke ba ma shiri, kuma ba yau za mu fara ba. Na ɗauki abincin 'ya'yana na ajiye a bakin rijiya, na faɗa miki gaskiya da bakina. Kika buga mini taga kamar kin kama ɓarauniya. Je ki tambayi ƙaninki wanda ya durƙusa mini jiya a bayan sito."

Ta ɗauki tsummanta ta ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

Na sami Auta a ɗakin canza kaya na maza, ba kowa sai shi. Ya cire farar hular ya ajiye a kan benci, yana zuba tarkacensa a jakar leda: kofin shayi, cajar waya, silifas ɗin wanka. Bai juyo ba, amma ya san takuna.

Ya ce, "Yaya, ai an faɗa miki."

"Kai ka tura ta?"

"Ni ne."

"Don ubanka... " Na haɗiye sauran, don uban namu ɗaya ne. "Ka san tankinka ne, ka yi shiru?"

"Wanke tanki sai an tsayar da layi rabin yini. Kullum manaja na kafa mana allo, layin Dogo ya fi, layin Dogo ya fi. Na ce bari in tsallake sau ɗaya in kamo shi. Sau ɗaya ya zama sau nawa. Da kwalaye suka fara dawowa na gane, na ce ƙarshen makon nan zan wanke shi ba wanda ya sani. Sai aka sa gwaji kafin nan."

"Me ya hana ka zuwa wurina? Ni ba yayarka ba ce? Sai ka je ka durƙusa wa matar da ba ta amsa gaisuwata?"

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ke, Yaya? Da kunne za ki ja ni har gaban Firiju. Na ce in kin shiga lungunki kin san wanne ne nawa, ke kaɗai, ba mai ganinki, wataƙila ki tausaya."

Haushi da tausayi suka haɗu mini. Na so in kwaɗa masa mari, na so in rungume shi kamar lokacin da yake faɗowa daga keke. Na ce, "Ban yarda da ita ba ne, Auta. Wallahi na ɗauka ƙarya take. Na ɗauka na Dogo ne take son in kare. Ko a mafarki ban kawo naka ne ba."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni sosai. Jakar na lilo a hannunsa.

"To da kin yarda da ita fa? Da kin tabbata nawa ne, a ina za ki ɗora maɓallin?"

Ni da ba a taɓa jefo mini magana ta faɗi ƙasa ba, na tsaya ina kallon ƙanina. Na nemi amsar a cikina da gaske, na laluba ko'ina, ban same ta ba.

Ya ɗaga hannu. "Bari kawai, kada ki amsa. Duk wadda kika ba ni, ciwo za ta yi mini."

Ya ɗaure bakin jakar, ya bar hular a kan bencin. Na bi shi a baya har bakin get. Ya miƙa wa mai gadi katinsa, mai gadin ya karɓa yana kallon ƙasa. Da ya taka waje ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Inna fa? Ni zan faɗa mata, ko ke?"

Na ce, "Ni."

Ya gyaɗa kai, ya tsallaka titi, ya bi layin masu jiran mota da jakarsa a hannu, a irin lokacin da bai taɓa tashi daga aiki ya koma gida ba.